Opinel ko mai sifirin? Amsa ga ƙanenmu na Marwa

Ƙanena, ka ce tsakanin Opinel, wuƙa mai naɗewa mai ƙotar itace, da baƙar wuƙar nan mai maɓalli da ke buɗewa da sifirin, wacce za ka saya ka fara koyon kare kai. Sayi Opinel, lamba 8. Amma kada ka shiga atisaye da ita da kaifinta.

Ina da guda biyu. Ta farkon yayana ne ya ba ni, ƙotarta har ta yi duhu saboda hannu. Da na fara zuwa wurin malaminmu na karate a nan Garwa, cewa ya yi ba wanda zai taka masa fili da ƙarfe mai yanka. Sai na kai ta wurin maƙeri, ya cinye kaifin da magagari, ya mayar da tsinin kamar bakin cokali. Ranar da na dawo da ita malam ya juya ta a hannu, ya goga a tafinsa, ya ce ga abin koyo. Da ita yara da yawa suka koyi ja da baya da kare wuya da ciki, ba wanda ya zubar da jini. Ta biyun, mai kaifin, aikinta yanka mangwaro da igiya da naman layya.

Abin da ya sa na amince da ita shi ne sauƙin ƙirarta. A yankin Savoie na Faransa ake yin ta tun 1890, zoben da ke kulle ruwan wuƙar kuma an ƙara shi a 1955. Ka buɗe, ka murza zoben, ruwan ya tsaya, babu wani abu a ɓoye da zai karye. Ruwan lamba 8 santimita 8.5 ne, ba ta da nauyi. Da damina itacen ƙotar yakan kumbura ta yi taurin buɗewa, sai ka ɗan buga gindinta a tebur ruwan ya leƙo. Mai rubutun Carbone tana tsatsa in ba a shafa mata mai ba, mai Inox ba ruwanta da wannan.

Sai dai ka sani ba wuƙar faɗa ba ce. Da hannu biyu ake buɗe ta, ƙotar zagayayya ce, ba abin da zai tare yatsunka in hannu ya zame gaba. A wurina wannan bai rage ta ba, don mafari aikinsa ya koyi yadda zai kauce wa mai wuƙa ya samu hanyar gudu. Ko sanda da aka sassaƙa ko wuƙar roba ta isa watannin farko.

Mai sifirin kuwa, kyan gani da ƙarar buɗewa kaɗai gare ta. Wadda na taɓa riƙewa ba ta daɗe ba ruwanta ya fara girgiɗi, makullin ya saki. Wuƙar da za ta iya rufewa a kan yatsunka ba ta cancanci kuɗinka ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai jabun Opinel, ƙota mai sheƙi, ruwa mai laushi. Ta gaskiya tana da tambarin hannu da kambi a jikin ruwan, lambarta kuma tana kan zoben. Ka murza zoben a gabansa, ka matsa bayan ruwan da ƙarfi. In ta motsa ka ajiye masa. Wanda ya ce maka kayansa na sojoji ne, ko ya hana ka buɗewa sai ka biya, bar rumfarsa. Masu turo hoto ta WhatsApp su ce ka fara aika kuɗi, kada ka aika.

Sannan maganar hukuma. Dokar makamai ta Kamaru ta 2016 ta sa wuƙaƙe cikin makamai, kuma ka san yadda bincike yake a hanyar Marwa zuwa Kusiri. Jandarma in ya ciro mai sifirin daga aljihunka, bayanin atisaye ba zai fisshe ka da sauƙi ba. Ta koyon ka bar ta a jakar kayan atisaye, daga gida sai fili. Kafin ka je kasuwa ma, fara samun malamin, ka tambaye shi abin da yake yarda a shigo da shi.