Kafin ka sayi faifan kiɗan rok na nan take, duba inda aka ɗauko sautin

Kiɗan rok da makaɗa ke ƙirƙira nan take a dandali ba ya maimaituwa. Mai jita ya ɗauko wata hanya, mai ganga ya bi shi, sai a kwashe minti ashirin ko talatin ba wanda ya san inda za a sauka. Shi ya sa wasan dare guda kan fito a naɗe iri biyu ko uku, kuma a nan mai saye yake ruɗewa. Yawanci mutane kan fara da tambayar CD ko garmaho. A ganina wannan tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce, daga ina aka ɗauki sautin?

Akwai wanda aka jawo kai tsaye daga teburin haɗa sauti, za ka ga an rubuta masa SBD. Wannan fes yake, kana jin kowace tsirkiya da bugun kowace ganga. Illarsa, injiniya ya daidaita sautin ne don zauren, ba don kunnenka ba. Abin da ya riga ya yi ƙara a dandali, kamar jita mai katuwar lasifika, sau da yawa yakan fito ƙasa-ƙasa, murya kuma ta yi gaba. Ihun jama'a ma kamar daga nesa.

Na biyu shi ne wanda wani ya ɗauka da makirufo daga cikin taro, alamarsa AUD. Ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka, wadda aka kafa a 1965, har wuri ta ware wa masu naɗa tun daga 1984, saboda haka irin wannan ya yi yawa. Idan mai ɗauka ya samu wuri mai kyau, za ka ji faɗin zauren da yadda jama'a ke tunzura makaɗa. Idan bai samu ba, sai ka sha hirar mutumin da ke kusa da shi daidai lokacin da kiɗa ya yi laushi. Akwai kuma na uku da ake kira matrix, inda ake haɗa biyun. Idan gwani ya haɗa, shi na fi so. Idan aka kuskure lokaci ko da ƙiris, ganguna kan fito bibbiyu.

Kada kalmar "na hukuma" ta rufe maka ido. Wasu faifan kamfani an yi musu kwaskwarima a situdiyo. Faifan Europe '72 na Grateful Dead misali ne, an sake ɗora muryoyi daga baya. Yana da daɗi, amma ba ainihin abin da ya faru ba ke nan ɗari bisa ɗari. Jerin faifansu na Dick's Picks da aka fara a 1993 ya fi barin abu yadda yake.

Sai batun mazubi. Gefe ɗaya na faifan garmaho minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka, dogon kiɗa kuwa ba ruwansa da wannan iyaka. Kiɗan Mountain Jam na ƙungiyar Allman Brothers Band ya haura minti 33, dole aka raba shi gefe biyu a faifan Eat a Peach na 1972. Wato kana tsakiyar jin daɗi sai ka tashi canza faifai. CD kan kai kusan minti 80, don haka ya fi dacewa, ko da yake cikakken wasa kan ci faifai biyu ko uku. Garmaho na mai sha'awar ajiya ne.

Tsakanin FLAC da MP3, nau'o'in fayil ɗin sauti da ake saukewa, na farko ba ya zubar da komai daga sautin, amma yana cin wuri. MP3 mai inganci ya wadatar a ƙaramin iyafis. Abin da ya fi muhimmanci shi ne manhajarka ta iya wucewa daga waƙa zuwa waƙa ba tare da tsayawa ba, domin waɗannan makaɗa kan zarce ne kawai, kuma shirun daƙiƙa ɗaya a wurin yana ɓata komai.

Kafin ka fitar da kuɗi, saurara tukuna. Rumbun Internet Archive na da dubban wasanni kyauta na ƙungiyoyin da suka amince. Na Grateful Dead, tun 2005 na teburi sauraro kawai ake yi, na cikin taro ne ake iya saukewa. Wasan Jami'ar Cornell na 8 ga Mayu 1977 wuri ne mai kyau na gwaji, ka kwatanta na cikin taro da wanda kamfani ya fitar a 2017. Kada ka gwada da farkon wasa. Tsallaka tsakiyar mafi tsawon kiɗan, inda sauti ya yi ƙasa. Idan kana jin jitar bes a nan ba tare da ka ƙure ƙara ba, saya. Masu son ƙungiyar Phish kuwa, shafin LivePhish na sayar da wasanninsu daga teburi jim kaɗan bayan an tashi.