Maɓallin tayar da Fijo 504: na rile ko akwati mai rimot?

Malam, ka tambaya ko ka sa wa Fijo 504 ɗinka maɓallin tayarwa mai rile ko akwati mai rimot. Sa maɓalli da rile, wato suwic ɗin da 'yar ƙaramar wuta ke kunnawa ya buɗe wa babbar wuta hanya, ka bar makullinka a inda yake. Akwatin nan mai rimot da mai shago ya nuna maka, wanda ke kore makulli gaba ɗaya, ba don irin 504 aka yi shi ba.

Amma tunda ka ce sai ka murɗa ka sake murɗawa kafin kik ya amsa, wani lokaci ma ƙas kawai kake ji, fara gano mai laifin kafin ka sayi komai. Batir mai lafiya yana nuna 12.6V a zaune, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6V ba lokacin da kik ke juyawa. Kankare kawunan batir, ka duba kitsattsiyar wayar da ta haɗa inji da bodi, don ita ce ake yawan mantawa da ita. Sannan ka sa giya a firi, ka ja birkin hannu, ka ɗauko wuta daga kan batir da guntuwar waya ka taɓa ƙaramin kan sulunoyid, wato ɗan gwangwanin nan da ke manne a jikin kik. Idan kik ya juya da ƙarfi nan take, laifin makulli ne da tsohuwar wayarsa, rile zai magance. Idan har yanzu ƙas ne, burushin kik ne ko sulunoyid, babu maɓallin da zai yi maka magani.

Dalilin da ya sa rile ke aiki shi ne wannan. Sulunoyid yana fizgar wajen 30A a daidai lokacin da zai tura ƙaramin haƙorin kik cikin filawil, babban faifai mai haƙora da ke bayan inji, kafin ya koma kusan 10A. Duk wutar nan ta cikin makulli take bi, daga batir zuwa gindin sitiyari, ta sake komawa inji. Motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, ko da taka ta fito daga masana'antar Kaduna ce a ƙarshen zamanin ƙera ta, tagullar cikin makullinta ta ci wuta ta gaji. Da rile, babbar wuta tana tafiya gajeren zango daga batir zuwa kik, abin da ke ratsa maɓalli kuwa bai kai rabin amp ba.

Kayan ba su da yawa: rile mai ƙafa huɗu na 40A da soket ɗinsa, maɓalli mai dawowa da kansa idan ka ɗauke yatsa kamar na hon, fis na 30A da na 5A da gidajensu, waya 4mm kamar mita biyu, waya 1mm kamar mita huɗu, da kawunan waya na matsewa. Cire kan batir na bodi tukuna. Ɗaure rile a cikin bonet kusa da batir, nesa da salansa, ƙafafunsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki. Kowace ƙafar rile da lambarta a jiki. Ƙafa ta 30 tana zuwa batir da waya 4mm, fis na 30A a kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi guda. Ƙafa ta 87 tana zuwa ƙaramin kan sulunoyid, wanda ake yi wa lamba 50. Maɓalli yana shan wuta ta fis na 5A daga wayar da ke kawo wuta kawai idan makulli na kunne, wato lamba 15, ya miƙa wa ƙafa ta 86. Kada ka bi kalar waya wajen nemo ta. Motar da ta wuce ta hannun masu wayarin goma ba ta da sauran kala ta gaskiya, fitilar gwaji ce za ta faɗa maka. Tsohuwar wayar 50 kuma ka bar ta a jikin sulunoyid tare da sabuwar, makulli ya zama na ko-ta-kwana.

Saura ƙafa ta 85, nan ne aikin gwani yake. Yawancin masu wayarin bodi suke kai ta, mota kuma ta tashi. Sai dai duk ranar da gwiwa ko hannun yaro ya taɓa maɓallin inji na aiki, haƙorin kik zai faɗa wa filawil yana gudu, ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Sauya haƙoran filawil kuwa sai an sauke giyabos. Maimakon bodi, kai ta kan D+ na altaneto, inda wayar jar fitilar caji take. Idan inji a kashe yake, wannan kan yana zama tamkar bodi, rile ya kama. Da zarar altaneto ya fara caji wuta ta hau kansa, ɓangarorin rile biyu su yi daidai, ko ka danna ba abin da zai motsa. A wata motar altaneto kan fara caji da wuri ya saki rile kafin inji ya kama sosai. Idan ka ga haka, mayar da 85 bodi ka sayi maɓalli mai murfi.

Abu biyu kuma ka duba. Idan akwai farar resista ta tangaran kusa da kwayil, akwai wayar da ke tsallake ta lokacin tayarwa don fulogi su sami cikakkiyar wuta. In daga jikin sulunoyid ta fito, ba ruwanka. In daga makulli ta fito, maɓalli ya bar ta a baya, alamarta kuma ita ce inji ya yi ta juyawa, sai ka saki maɓalli sannan ya kama. Jawo waya daga 87 zuwa kan kwayil mai alamar +, da diyod na 6A a tsakani don kada wuta ta koma baya. Na biyu, idan motar otomatik ce, suwic ɗin da ke hana ta tashi a cikin giya dole ya shiga layin maɓalli, in ba haka ba, motar za ta iya tashi a cikin giya ta zabura.

Irin wannan haɗin ne a tawa, kuma daɗinsa da asubar hunturu ake gani: ka ja cok, ka taka totur sau biyu, ka murɗa makulli jajayen fitilun mai da caji su kawo, ka ɗora babban yatsa kana sauraron inji, ka ɗaga daidai lokacin da ya kama. Mota mai kafireto kunne take so. Kashe fanka da rediyo kafin ka danna, don yanzu makulli ba ya yanke musu wuta lokacin tayarwa. Kada kuma ka huda dashbod, samun wani mai kyau ya yi wuya. Nemi gurbin suwic da ba a amfani da shi, ko ka ɗaura ƙaramin ƙarfe a ƙarƙashi.

Akwati mai rimot yana da kyan gani da daddare, ban hana shi wannan ba. Bayan nan sai matsala. Makullin Neiman na 504 shi ne ke kulle sitiyari, don haka ko a fasa ƙarfen kullen, ko a bar makulli a ciki har abada, ko kuma, Allah Ya kiyaye, sitiyari ya kulle kana kan titi. Shi akwatin ke yanke tsawon lokacin juya kik, bai san cok ba bai san totur ba. Yana shan wuta ko mota na ajiye: ko 20mA ne kawai, a wata guda ya kwashe wajen 14Ah daga batir mai 60Ah. Danna biyu ba tare da taka birki ba yana barin wuta a kan kwayil da kwantak har su ƙone. Ranar da ya mutu kuma inji ne ke mutuwa, ba kik kaɗai ba.

Wajen saye ka buɗe ido. Akwai rile da aka rubuta wa 40A, ka ɗauka ka ji ba nauyi, cikinsa ɗan siririn ƙarfe ne da ke mannewa ya bar kik na ta juyawa har sai an cire kan batir. Tsohon rile na Bosch da aka ciro daga wata motar, irin wanda ake samu a Panteka ko Ƙofar Ruwa, ya fi sabon jabu. Waya kuma ka kankare silinta da wuƙa a gaban mai shagon: in cikin ya fito fari, alminiyum ne aka shafa wa ruwan tagulla, ajiye masa kayansa. Duk wanda ya ce maka akwatinsa na shiga kowace mota, tambaye shi yadda zai yi da kullen sitiyari, ka ga ko yana da amsa. Mai wayarin da ya ce fis ba dole ba ne, ko ya murɗe wayoyi da hannu ya naɗe da salatif, karɓi motarka tun bai yanka komai ba.

Bayan an gama, gwada sau uku a firi: makulli a cire ka danna, kada komai ya motsa, makulli a kunne ka danna, ta tashi, inji na aiki kuma, in dai 85 tana kan D+, zare wayar 87 daga sulunoyid ka sa mata fitilar gwaji sannan ka danna, kada fitilar ta kawo.