Hanyar Hangyeryeong ta biya ni, amma masu hayar motar sun cuce ni

Wata biyu na yi ina shirya wannan tafiya saboda Yaya, wanda ya zo ganina a Seul, babban birnin Koriya ta Kudu, a watan Oktoba. Abu ɗaya nake so ya gani kafin ya koma gida: hanya mai lamba 44, wadda ta taso ta Hongcheon, ta ratsa Inje, ta haye dutsen Seorak ta Hangyeryeong, sannan ta gangara Osaek. Duk wanda ya zauna a Koriya ya san a tsakiyar Oktoba ganyen wajen yake juyewa ja da rawaya.

Da na je karɓar motar, sau biyu na tambayi yaron da ke kan teburin ko na'urar nuna hanyarsu tana Turanci. Ya ce tana yi. Na ce masa ta tsohuwar hanya nake so mu bi, ta kan dutse. Ya danna ya danna da hannunsa, ya ce ya saita. Ban yi musu ba, tunda Google Maps ba ta ba ni hanyar mota a ƙasar ba, wayata kuma cajinta ya yi ƙasa.

Ashe Osaek kawai ya rubuta. Na'urar kuwa ba ta san komai ba sai hanya mafi sauri, kuma da Koriyanci take magana tun daga fita gari. Inda ya kamata mu sauka daga babbar hanyar Seul zuwa Yangyang, wato Dong-Hongcheon, muka wuce ban ankara ba. Daga nan sai rami bayan rami. Can muka faɗa wani da ya ƙi ƙarewa, fitilu masu launi suna wucewa ta samanmu. Yaya ya ce, "Kai, wai a ƙarƙashin ƙasa za mu kwana ne?" Ramin Inje zuwa Yangyang ne, kusan kilomita 11, wanda aka buɗe a 2017. Da muka fito sai ga allon Yangyang, garin da ke can bayan dutsen ta gabas. Duk kwarin da na kawo shi ya gani mun bar shi a baya, muna cikin duhu. Wallahi raina ya ɓaci har na kasa magana.

Muka juyo daga gabas zuwa Osaek, muka ci kusan awa guda muna neman inda za mu ajiye mota, don ranar Asabar ce, manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika ko'ina.

To amma da muka taka cikin kwarin Jujeongol, sai na manta da fushin. Ruwa garai-garai har kana ƙirga tsakuwar ƙasansa, duwatsu a tsaye dama da hagu kamar an yanka su da wuƙa, ganye ja ya zubo kan ruwan. Hanyar ba ta da hawa sosai, Yaya da ciwon gwiwarsa ya kai har magangarar ruwan Yongso. Mun ɗanɗana ruwan Osaek da ke ɓuɓɓugowa daga cikin dutse a bakin rafi. Ƙarni yake kamar ka tsotsi ƙusa, ga ɗan gas a harshe. Yaya ya tofar, ni na shanye. A wani gidan abinci muka ci shinkafa da ganyayyakin dutse, bayan na tabbatar babu nama a ciki, matar ta yi ta ƙara mana ba mu roƙa ba.

Hawan zuwa Hangyeryeong kuwa, kwana ce kan kwana. Yaya ya ce Hawan Kibo ya tuna masa, sai dai nan kwalta lafiya lau, ga shinge a kowace kwana. A wurin hutawar da ke saman, wani baƙin gini da ya lafe a jikin dutse, muka tsaya muka yi la'asar. A nan na ce a raina tafiyar ta biya kuɗinta.

Sai dai rana ta riga ta yi ƙasa. Gangarowa ta ɓangaren Inje cikin duhu muka yi ta, da ƙaramar giya, ba mu ga komai ba. Magangarar Daeseung mai tsawon mita 88, wadda ake hawa daga Jangsudae, ko allonta da ƙyar na hango. Ita ce na fi yi wa Yaya alkawari.

Muka iso Seul a makare, masu hayar motar suka caje ni kuɗin lattin awa biyu. Na yi musu bayani cewa ma'aikacinsu ne ya saita hanyar, kuma shi ya ce na'urar tana Turanci. Matar da ke kan teburin ta sunkuyar da kai ta ba ni haƙuri, ta miƙo mini rasit, ko won ɗaya ba ta rage ba. Hanyar zan sake bi in Allah ya kai mu baɗi, da Naver Map, manhajar nuna hanya ta Koriya, a wayata, in fito da asuba ranar aiki. Motarsu kam na gama da ita.