Cumbum ko Kumily: a ina ya kamata ka sauka?

Ɗan'uwa, ka ce kana Madurai a kudancin Indiya, kana da 'yan kwanaki, kana son ka ga gonakin inabi da magangarar ruwa, amma ka rasa inda za ka yada zango tsakanin Cumbum da Kumily. Ni dai da ni ne, a Cumbum zan ajiye jakata, in hau Kumily in wuni.

Garuruwan biyu ba su da nisa, tsakaninsu bai wuce kilomita 25 ba, sai dai kowanne da jiharsa. Cumbum yana cikin kwari, a gundumar Theni ta jihar Tamil Nadu. Kumily kuwa yana bisa tudu a jihar Kerala, daidai bakin iyaka. A ƙasa an fi jin Tamil, a sama Malayalam, kuma da ka fara hawa za ka ji iska ta sauya, sanyi ya shigo.

Inabin da ka tambaya a Cumbum yake. Irin da suka fi nomawa shi ne Muscat Hamburg, mai duhun launi, mai ƙwallo a ciki, ga ƙamshi. A 2023 gwamnatin Indiya ta yi masa rajista da sunan yankin. Abin da ya fi burge ni shi ne kusan duk shekara ana tsinkarsa, don manoma na jera lokacin yi wa itacen aski, wannan gona na fure waccan na nuna. Ana ɗora shi a kan rumfar waya da aka kafa bisa ginshiƙan dutse, in ka shiga sai ka ɗan duƙa, 'ya'yan na reto daidai fuskarka, rana na ratsowa ta tsakanin ganye. Gonaki da dama a bakin hanyar Gudalur, garin da ke tsakanin Cumbum da Kumily, suna barin baƙi su shiga, su sayi inabi ko matsattsen ruwansa. Ka nemi izini kafin ka tsinka, gumin wani ne.

Wannan koren kwari kuwa yana da dalili. Ruwan kogin Periyar, wanda da can yamma yake nufa, aka tare da madatsar Mullaperiyar a 1895, aka juyo shi gabas ta cikin rami a dutse. Injiniyan da ya jagoranci aikin, John Pennycuick, har yau manoman wurin suna girmama shi, kuma akwai ginin tunawa da shi a Lower Camp, kan hanyarka ta hawa Kumily.

Magangarar Suruli ma ta ɓangaren Cumbum take, kimanin kilomita 10 daga gari, ruwan na zubowa daga tsayin ƙafa 150. Ta fi cika daga Yuni zuwa Oktoba. Ka tambaya da safe kafin ka ɗauki mota, domin ma'aikatan gandun daji kan rufe wurin idan ruwa ya yi ƙarfi ko giwaye sun sauko. Ba zancen wasa ba ne, a watan Mayun 2023 wata giwa ta shiga har cikin garin Cumbum. Ka kuma riƙe ledar abincinka da kyau saboda birai.

Inda Kumily ya fi shi ne masauki. Gari ne na 'yan yawon buɗe ido, otal-otal iri-iri, masu jin Turanci sun fi yawa, shagunan masoro da kanumfari jere. Thekkady na nan kusa, inda ake shiga jirgin ruwa a tafkin Periyar, in an yi sa'a a hango giwaye a gaɓa. Amma akwai cunkoso, musamman daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, lokacin da masu ziyarar Sabarimala, wurin ibadar mabiya addinin Hindu a Kerala, ke cika hanyar. Cumbum garin manoma ne da 'yan kasuwa, masaukansa ba su da wani ƙawa, akwai Musulmi da masallatai, don haka sallah da abincin halal ba za su ba ka wahala ba.

In da iyali kake tafe, da ƙananan yara ko dattijo mai buƙatar ɗaki mai kyau, to ka juya tsarin: ka kwana Kumily, ka sauko Cumbum da sassafe, ka fara da Suruli kafin jama'a su taru, sannan ka bi ta gonaki a hanyar komawa.