Minisforum MS-01 ko haɗa Mini-ITX: wanne ya dace da gwajin layukan cibiyar bayanai?

Malam, ka ce kana son ƙaramar kwamfuta da za ka riƙa sakawa a jaka ka shiga da ita cibiyar adana bayanai, ka gwada ramukan suwic da wayoyin faiba, kuma ka rasa na ɗauka tsakanin MS-01, ƙaramar kwamfutar kamfanin Minisforum, da haɗa taka a kan ƙaramin allon kwamfuta na Mini-ITX. Amsar tana rataye ne a kan gudun layukan da za ka gwada.

MS-01 tana zuwa a haɗe, da ramukan SFP+ biyu (inda ake soka kan faiba) masu gigabit 10 da na RJ45 biyu (na wayar intanet ta yau da kullum) masu 2.5. In aikinka bai wuce gigabit 10 ba, kai da ita sai hamdala. Sai dai guntun Intel X710 ne ke tuƙa ramukan SFP+ ɗin, kuma katunan Intel sun yi suna wajen ƙin karɓar wasu kawunan faiba (ƙananan na'urorin da ke haɗa wayar faiba da rami) da ba su sani ba. Mai gwaji kuwa duk abin da ya tarar a rak, wato kantar da ake jera na'urori, shi zai soka. MS-01 tana da ramin PCIe guda na soka ƙarin kati, to ka sa mata katin ConnectX-4 Lx na kamfanin Mellanox, ka samu gigabit 25 ba tare da wannan tsirfar ba.

A gigabit 100 ne suke rabuwa. Ramin PCIe na MS-01 tsawonsa na layin PCIe 16 ne, amma takwas kawai ke aiki. Layin PCIe 3.0 ɗaya bai kai gigabit 8 ba, don haka katin gigabit 100 irin ConnectX-5 mai PCIe 3.0 zai tsaya wajen gigabit 63, ka yi ta zargin faiba alhali laifin na kwamfutarka ne. Allon Mini-ITX, santimita 17 kowane gefe, yana ba ka layi 16 cif, kusan gigabit 126.

Sai zafi, kuma nan nake so ka natsu. Katunan saba (manyan kwamfutocin cibiyar bayanai) ba su da fanka, sun dogara ne da iskar da saba ke hurawa. Na taɓa cusa irin wannan kati a matsattsen akwati. Ana cikin gwaji layin ya yanke, na taɓa ƙarfen kan faiba sai da na janye yatsa. A akwatin Mini-ITX kana da sararin ɗaura fanka tana hura katin kai tsaye. Kuɗin wannan sarari shi ne nauyi a kafaɗa, da wahalar nemo kayan da za su shiga juna.

Ko wacce ka ɗauka, sa mata Linux. Umarnin ethtool -m zai nuna maka ƙarfin hasken da ke shiga da fita, sannan ka nemi iperf3, manhajar auna gudun layi, daga sigar 3.16 zuwa sama, don na baya da zaren furosesa ɗaya kawai yake aiki. In layin 25 ya ƙi tashi, fara duba ko saitin FEC ɗinka (tsarin gyara kurakuran saƙo a kan layi) ya yi daidai da na suwic.

Ni dai, in akwai ramukan QSFP28, wato na gigabit 100, a wurin aikinka, Mini-ITX zan haɗa. In babu, ɗauki MS-01 da katin 25.