Albam ɗin 19 na Adele: muryar ta riga waƙoƙin nuna

Adele, mawaƙiyar Birtaniya, ta sa wa albam ɗinta na farko suna 19 ne saboda shekarunta ke nan lokacin da ake haɗa shi. Ya fito ranar 28 ga Janairu, 2008 daga kamfanin XL Recordings na Landan, waƙoƙi 12 ne, tsawonsu duka kusan minti 44. Na saurare shi a jere sau da dama, da iyafis da kuma lasifikar ɗaki, kuma ra'ayina bai sauya ba: muryar ta nuna sarai, rubutun waƙoƙin ne da saura.

Inda albam ɗin ya fi ƙarfi shi ne inda aka rage kayan kiɗa. Waƙar farko, Daydreamer, jita ce da murya kusan kawai, har numfashin da take ja kafin ta ɗauki baiti ana jinsa. Ta biyun, Best for Last, a kan jitar bes aka ɗora ta, kuma Adele ce ke kaɗawa da kanta. A nan dole a yi hattara da abin sauraro. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri, sai bes ɗin ya ɓace ka ji kamar tana rerawa ba kiɗa. Wanda ya yanke wa wannan waƙa hukunci daga bakin waya bai ji rabinta ba.

Chasing Pavements, wadda ta rubuta tare da Eg White, ita ce ta fito da ita duniya. Ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin Birtaniya, kuma ta ci mata Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2009, shekarar da ta karɓi kyautar sabuwar mawaƙiya. Baitocin a ƙasa take rera su, kamar mai magana da kanta, amshi na zuwa sai gogen Turawa su taso gaba ɗaya muryar ta buɗe. Aikin ya yi kyau, sai dai an maimaita amshin fiye da yadda yake buƙata. Cold Shoulder kuwa Mark Ronson ne ya haɗa kiɗanta, mutumin da ya yi aiki a albam ɗin Back to Black na mawaƙiya Amy Winehouse a 2006. Gangunan suna da zafi, amma a kunnena rigar aro ce, ba ta zauna mata daidai ba.

Babbar matsalar tana tsakiya. Waƙa ta biyar, ta shida da ta bakwai, wato Crazy for You, Melt My Heart to Stone da First Love, duk tafiyar hawainiya suke yi, kuma duk a kan ciwon so guda. Kowace ita kaɗai ba ta da laifi. First Love ma tana da wani kiɗa siriri mai kama da ƙararrawar akwatin wasan yara, mai daɗin ji da dare. Jera su da aka yi ne kuskuren, don kafin a kai waƙa ta takwas, Right as Rain, hankali ya riga ya tafi wani wuri. Gyaran mai sauƙi ne ga mai haɗa jerinsa a waya: ya cusa Right as Rain ko My Same a tsakaninsu, zai ji kowace ta samu sarari.

Waƙa ta tara ce ke tona asirin sauran. Make You Feel My Love ta mawaƙin Amurka Bob Dylan ce, ya fitar da ita a 1997, kuma ita kaɗai ce a cikin 12 ɗin da ba hannun Adele a rubutunta. Fiyano ne da goge kaɗan, ba ta yi ihu ba, ba ta ja muryar da ƙarfi ba. Da aka ba ta kalmomin gwani sai ka ji iyakar abin da wannan murya za ta iya ɗauka, ka kuma gane abin da wasu baitocinta suka rasa.

Duk da haka, wadda ta fi tsaya mini a rai tata ce ta kanta, Hometown Glory, da ta rubuta tana shekara 16 don yabon Landan. Ita ce ta rufe albam ɗin. A nemi ta cikin albam, domin wadda aka gyara wa rediyo an datse mata doguwar shimfiɗar fiyanon da ke buɗe ta, kuma wannan shimfiɗar ce ke shirya kunne. Akwai kalmar ashar guda ɗaya a ciki, a kula idan da yara a wurin.

Turancinta na 'yan unguwar Landan ne, tana haɗiye harafin t da ƙarshen kalmomi, don haka wanda ya saba da Turancin makaranta gara ya buɗe rubutun waƙoƙin a gabansa a sauraron farko. Mai ɗan lokaci kaɗan ya fara da ta ɗaya, ta biyu, ta tara da ta goma sha biyu, da iyafis a kunnuwa biyu.