Sharhi: Zamana da likitar damuwa a Gombe, da batun riƙe sirri

A ganina, abin da ya fi hana mutanenmu zuwa wurin masu ba da shawara kan damuwa shi ne tsoron fallasa, ba kuɗi ba. A Gombe kowa ya san kowa. Maganar da aka yi a Bolari da safe, kafin la'asar ta isa Pantami. Wannan tsoron ya daɗe yana riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, duk da barci ya ƙaurace mini.

Da na daure na je, kafin likitar ta tambaye ni komai, sai ta ce: "Hajiya, abin da kika faɗa a ɗakin nan amana ce a wuyana, ko Alhaji ba zai ji daga bakina ba. Amma amanar tana da iyaka, gara ki sani tun yanzu." Ta ce idan ta ga ina shirin halaka kaina, ko na ƙudurta cutar da wani, ko na ambaci yaron da ake zalunta, ko kotu ta ba da umarni, to dole ta yi magana, kuma iya abin da ya zama tilas kawai za ta faɗa. Wani lokaci takan nemi shawarar babbanta a aiki, ba tare da kama suna ba.

Da farko gabana ya faɗi. Daga baya na gane wannan bayanin ne ya sa na saki jiki da ita. Wanda ya yi miki alkawarin ba zai taɓa faɗa ba ko me ya faru, bai gaya miki gaskiya ba. Ƙa'idar ma ba tata ba ce ita kaɗai: tun 1976 kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta Amurka ta yanke, a shari'ar Tarasoff, cewa wajibi ne likita ya kare wanda majinyacinsa ke shirin cutarwa. A nan gida kuma, a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta bai wa majinyaci haƙƙinsa.

Na ga cika alkawarinta. Yayana ya kira ta, da kyakkyawar niyya, yana son sanin abin da ke damuna. Ta gaishe shi da mutunci, ta ce ya tambaye ni da kaina, sannan ta sanar da ni ya kira.

Inda nake da ƙorafi shi ne wurin karɓar kati. Ma'aikaciyar takan ɗaga murya ta kira cikakken sunan mutum a gaban jama'a, fayil kuma a buɗe kan tebur. Sirrin da aka kiyaye a ciki bai kamata ya zube a bakin ƙofa ba. Na gaya wa likitar, ta ce za ta nemi a koma kiran lamba.